Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Wasannin Yamai na 2005 da Ma'aunin Haƙƙin Ɗan Adam

Tun daga ranar 2 ga Disamba 2010, da hukumar FIFA ta ba ƙasar Katar baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 2022, muhawara ɗaya take ta kai da komowa a kafofin watsa labarai: shin ya halatta a ɗora wa ƙasar da ake zargi da tauye haƙƙin jama'a nauyin karɓar baƙin duniya domin wasa? Muhawarar ta sake tashi ranar 11 ga Disamba 2024, da aka miƙa wa Saudiyya gasar 2034 ba tare da abokiyar takara ba. Mu a nan mukan saurari wannan ja-in-ja a rediyo kamar mai jin rigimar gidan attajirai ta bayan katanga, muna ganin babu ruwanmu, tun da ba a taɓa kawo mana kofin duniya ba. Alhali kuwa Nijar ta taɓa karɓar babbar gasa ta ƙasa da ƙasa, kuma ta karɓe ta a shekarar da mutanen Agye da Gazawa da Gidan Runji ba za su mance ba.

Abin da wannan sharhi yake son ya nuna shi ne, ma'aunin da ake auna ƙasashe da shi kafin a ba su baƙunci yana da tawaya. Yana auna abin da baƙo zai iya gani daga filin jirgin sama zuwa filin wasa, ya bar abin da ke faruwa a bayan gari. Shekarar 2005 ta jihar Maraɗi ta isa hujja.

Shekara ɗaya, fuska biyu

Daga 7 zuwa 17 ga Disamba 2005 birnin Yamai ya karɓi karo na biyar na wasannin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci, wato Farankofoni. Kafin nan an yi su a Maroko a 1989, da Faransa a 1994, da Madagaska a 1997, da Kanada a 2001, bisa al'adar karɓa-karɓa tsakanin ƙasashe masu hali da marasa hali. Ƴan wasa da masu fasaha kimanin 2,500 suka hallara daga ƙasashe da gwamnatoci sama da 40. An buɗe bikin a filin wasa na Janar Seyni Kunce, an yi guje-guje da ƙwallon ƙafa da dambe, an nuna kokawar gargajiya, an kuma yi gasar waƙa da rawa da tatsuniya da zane. Ba za a raina abin ba. Ƙasar da rahoton ci gaban al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya na wannan shekarar ya ajiye ta 177 cikin 177 ta shirya taro, ta sauki baƙi, ta sallame su lafiya, kuma ƴan ƙasa da yawa sun ji daɗin hakan har cikin ransu.

To amma wanda ya kama babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi gabas, bayan tafiyar sama da kilomita 600 zai ratsa Gidan Runji da Tibiri, ya wuce Maraɗi, ya bi ta Cadawa da Agye da Gazawa, wadda a lokacin tana cikin gundumar Agye, sai a 2011 ta tsaya da ƙafarta. Wata huɗu zuwa biyar kafin a kunna fitilun biki a Yamai, wannan yanki shi ne cibiyar matsalar abinci da ta girgiza ƙasar. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta ci wasu yankunan, aka samu giɓin cimaka na sama da tan 200,000. Giɓin a kansa bai kai girman bala'in da ya biyo baya ba. Abin da ya karya talaka shi ne farashi. Manyan kasuwannin arewacin Nijeriya sun ja hatsi, wasu ƙasashe maƙwabta sun taƙaita fitar da nasu, sai kuɗin buhun gero ya ninka, a wasu kasuwannin har ya doshi ninki uku. Manomin da ya sayar da hatsinsa da araha a kaka domin ya biya bashi, shi ne ya koma yana neman tiya ɗaya da tsada a tsakiyar damina. Wasu suka bar gonakinsu suka shiga ƙwadago a gonakin masu hali, wasu suka jinginar da gonar, mata suka shiga daji neman anza da jiga da tafasa.

A wannan shekarar ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, wato MSF, ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a faɗin Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Abin lura a nan shi ne, ba a arewa mai ƙarancin ruwa yaran suka fi faɗuwa ba. Sun fi faɗuwa a kudu, a ƙasar noma, wadda ake yi wa kirari da rumbun ƙasa, inda yawan jama'a ya matse gona, inda hatsi yake jibge a kasuwa amma babu kuɗin saye, inda kuma a lokacin sai uwa ta biya kafin a duba ɗanta a gidan likita.

Ma'aunin da ya tsaya a bakin birni

Da za a ɗauko takardar tambayoyin da masu fafutuka suka saba yi, a auna Nijar ta wancan lokaci da ita, da ta ci jarrabawa. Bayan kisan Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara a watan Afrilun 1999, an koma mulkin farar hula a ƙarshen wannan shekarar. An zaɓi Mamadu Tanja, aka sake zaɓensa a Disamban 2004. Akwai jam'iyyun adawa a majalisa, akwai jaridu da gidajen rediyo masu zaman kansu. Ita kanta ƙungiyar Farankofoni ta fitar da sanarwar Bamako a watan Nuwamban 2000, wadda ta ɗaura wa membobinta mutunta dimokuraɗiyya da haƙƙin ɗan Adam, kuma a bisa wannan ma'auni Nijar ɗaliba ce mai ƙoƙari.

Ko a wannan fannin ma akwai tabo. A watan Maris na 2005, bayan gwamnati ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa ta fito da jama'a kan titi, aka kama shugabanninta, cikinsu har da Nuhu Arzika da Maru Amadu, kafin a sake su a watan Afrilu a kuma janye harajin daga akasarin kayan. A cikin Afrilun ne kuma aka tsare Ilguilas Weila, shugaban ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta. Waɗannan abubuwa ne da ma'aunin yake iya gani, domin sun faru a babban birni, suna da sunaye da ranaku, lauyoyi kuma sun tsaya a kansu.

Wanda ma'aunin ba ya gani shi ne yaron da ya mutu a wani ƙauye na Cadakori ko Gangara ba tare da an rubuta haihuwarsa ba, balle mutuwarsa. Alhali abinci haƙƙi ne a rubuce. Sashe na 11 na yarjejeniyar duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu ya tanadi ƴancin kuɓuta daga yunwa, kuma Nijar ta shiga wannan yarjejeniya a 1986. A watan Yulin 2005 Jean Ziegler, wakilin musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin abinci, ya zo ƙasar ya yi kira da a raba abinci kyauta, a daidai lokacin da tsarin hukuma da na masu ba da tallafi yake kan sayar da hatsi da rangwame don gudun ɓata kasuwa. Sai a watan Agusta aka shiga rabo na gaba ɗaya. Mutumin da ba ya da dala a aljihu, rangwame ba ya yi masa maganin komai. Watannin da aka shafe ana tafka wannan muhawara, wasu sun biya su da ƴaƴansu.

Me ya sa idan ana maganar cancantar mai masauki ba a sa wannan a lissafi? Domin waɗanda suka ƙera ma'aunin sun ɗauki yunwa a matsayin ƙaddara, kamar fari ko fara, suka ɗauki ɗauri a matsayin aikin hukuma. Ɗaurin ɗan jarida laifi ne da ake tuhuma a kansa, mutuwar yara kuwa abin tausayi ne da ake tara sadaka dominsa. Amma yanke shawarar a sayar ko a raba aikin hukuma ne, haka nan yanke shawarar a biya ko kada a biya a gidan likita. Shaida ita ce, a 2006 gwamnatin ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Abin da doka ta iya gyarawa a 2006 ba ƙaddara ba ne a 2005.

Rufin asiri

Bahaushe ya san darajar baƙo, ya kuma san darajar rufin asiri. Magidanci yakan yanka kazarsa ta ƙarshe domin baƙo, ya hana yaransa kuka da yunwa har baƙon ya tafi. A cikin gida wannan karamci ne, domin mai gidan ma da yunwar yake kwana. Idan gwamnati ta ɗauki wannan hali, al'amarin ya canza, domin mai rufe asirin daban, mai kwana da yunwar daban.

A watan Agustan 2005, cikin hira da BBC, Shugaba Tanja ya musanta cewa ana yunwa a Nijar. Ya ce ƙarancin abinci ne a wasu yankuna irin wanda aka saba gani, jama'a kuma da alamar ƙoshi a jikinsu, ya zargi ƴan adawa da wasu hukumomin agaji da zuzuta lamarin domin biyan bukatunsu. Adalci ne a faɗi cewa masana da kansu sun yi saɓani a kan kalmar, wasu suna ganin abin da ya faru tamowar yara ce ta shekara da shekaru da tsada ta tsananta. Adalci ne kuma a tuna cewa kalmar yunwa tana da nauyi a siyasar ƙasar, tun da sojojin da suka kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974 sun kafa hujja da yadda aka tafiyar da agajin farin wancan lokaci. Saboda haka kuskure ne a ce wasannin Disamba su kaɗai suka sa shugaban ya faɗi abin da ya faɗa. Sai dai babu mai musun cewa ƙasar da take dakon baƙi daga nahiyoyi daban-daban tana da ƙarin dalilin ƙin jinin hoton yaro mai ƙasusuwa a waje. Baƙunci yakan mai da sunan ƙasa wata kadara da ake gadi, wanda duk ya faɗi gaskiya kuma sai a kalle shi a matsayin mai tona asiri.

Wannan hali bai tafi da tafiyar baƙin ba. A watan Afrilun 2006 hukuma ta janye wa wata tawagar BBC izinin ɗaukar rahoto kan ƙarancin abinci. A watan Yulin 2008 aka dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi, har ya tattara kayansa a ƙarshen Oktoba. Wani abin da ya kamata masu ma'auni su tsaya su yi tunani a kansa shi ne, gwamnatin soja ta Salu Jibo, wadda ta zo ta hanyar juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010, ita ce ta fito fili ta ce ana fuskantar yunwa ta kuma nemi agaji da wuri. Wannan ba yabon juyin mulki ba ne. Yana nuna dai cewa akwatin zaɓe shi kaɗai bai isa ya gaya mana ko hukuma tana jin kukan ƙauye ba.

Masu riƙe da ma'auni

Kada mai karatu ya ɗauka laifin na mai masauki ne shi kaɗai. Tun ƙarshen 2004 gwamnatin Nijar ta nemi tallafin cimaka. A watan Mayun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dalar Amurka miliyan 16, amma sai da hotunan yaran Maraɗi suka bayyana a talabijin ɗin Turai a watan Yuli sannan aljihu ya buɗe. Cikin ƙasashen da suka yi wannan jinkiri akwai waɗanda suka turo tawaga mai ƙayatarwa a Disamba. Baƙon ma yana da nasa tarihin da ya kamata a auna.

Tarihin manyan wasanni kuwa cike yake da kau da kai. Ranar 2 ga Oktoba 1968 sojoji suka buɗe wa ɗalibai wuta a dandalin Tlatelolco na birnin Meksiko, bayan kwana goma aka buɗe gasar Olamfik a garin kamar ba a yi komai ba. A 1978 Ajantina ta karɓi kofin duniya ƙarƙashin mulkin Janar Videla, ana buga wasan ƙarshe ba nisa da makarantar sojan ruwa da ake azabtar da fursunoni a cikinta. FIFA ta karɓe gasar matasa ta 1995 daga hannun Nijeriya, a zamanin Janar Sani Abaca, bisa hujjar ɓarkewar cututtuka, ta miƙa ta ga Katar, ƙasar da bayan shekaru aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan tsarin kafala da halin da leburorinta baƙi suke ciki. Sai a 2016 hukumar ta sa mutunta haƙƙin ɗan Adam cikin kundin dokokinta, ta fitar da manufa a kai a 2017, duk da haka wannan bai hana a ba da gasar 2034 ba tare da takara ba. A 2024 kuma Faransa, mai masaukin Olamfik, ta hana ƴan wasanta mata sa hijabi a filin gasa, babu wanda ya kawo zancen karɓe mata baƙunci. Ma'aunin da yake nauyi a kan mai rauni, ya yi sauƙi a kan mai kuɗi, mudun ɗan kasuwa ne mai gindi biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa.

Wa aka tambaya?

Shin ke nan da an karɓe wasannin daga Yamai? Amsata ita ce a'a. Da an soke su, babu tabbacin tiya ɗaya ta gero za ta isa Saye Sabuwa ko Gidan Sori a dalilin haka. In kuma aka kafa ƙa'idar cewa matalauciyar ƙasa ba ta karɓar baƙi sai ta gama da talaucinta, to an mai da wasannin duniya gadon masu arziki. Ƙaurace wa wasa ya yi tasiri a inda waɗanda ake zalunta suka nemi a yi shi da bakinsu. Lokacin da ƙasashen Afirka sama da ashirin suka janye daga Olamfik na Montiriyal a 1976, saboda hulɗar wasan zari-ruga tsakanin Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, suna amsa kiran baƙaƙen fatar da ke ƙarƙashin wariyar launin fata ne. A 2005 babu wanda ya je Gazawa ya tambayi kowa komai. An yanke shawarar baƙunci da Faransanci, an kare ta da Faransanci, an soke ta da Faransanci, manomin da ake magana a kansa kuwa Hausa yake ji.

Abin takaicin shi ne, wannan yanki ba baƙon wasa ba ne, ba kuma baƙon shawara ba ne. Kokawa a nan take da gida. Ɗan jihar Maraɗi, Kantu, shi ya fara ɗaukar takobin ƙasa a Tawa a 1975, kuma al'adar kokawa tun asali ta kaka ce, bayan an cika rumbu, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye manoma sun kafa kwamitocinsu na kula da itatuwan da suke rayawa a gonaki, har masana daga ƙasashe suna zuwa koyo. Mutanen da suka iya wannan ba za su kasa faɗin ra'ayinsu a kan bikin da ake yi da sunan ƙasarsu ba.

Sharaɗin da ya kamata a gindaya

Maimakon tambayar wace ƙasa ce tsarkakakkiya, wadda babu mai cin ta in za a yi gaskiya, gara a tambayi me mai masauki ya yarda ya buɗe. Na farko, daga ranar da aka ba ƙasa baƙunci har bayan watsewar taro, ɗan jarida da likita, na gida da na waje, su sami damar shiga kowane lungu na ƙasar, ba birnin gasa kaɗai ba. Na biyu, a sa abinci da lafiyar yara cikin abin da ake aunawa, daidai da ƴancin magana da na taro. Na uku, a bayyana kuɗin da aka kashe da inda suka fito, cikin harsunan da jama'a suke ji, a gidajen rediyon da suke saurare. Na huɗu, awon ya ci gaba bayan an ba da baƙunci, domin Nijar da aka zaɓa shekaru kafin 2005 ba ta san fara na tafe ba, kuma halin hukuma yana bayyana ne a ranar da masifa ta sauka. Na biyar, mudu ɗaya ga kowa, da Yamai da Doha da Paris.

A watan Maris na 2025 Nijar ta ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar Farankofoni, wadda ta dakatar da ita bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Wasannin 2005 sun zama tarihin wata dangantaka da ta yanke. Baƙin sun daɗe da komawa gidajensu da lambobin yabonsu. Yaran da suka tsira daga tamowar wannan damina a Agye da Gazawa da Gidan Runji kuwa sun girma, wasunsu sun zama magidanta, suna noman gonakin da suka fi na iyayensu ƙanƙanta. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Duk ranar da wata gasa ta sake neman masauki a wannan ƙasa, ko a wata mai kama da ita, su ne ya kamata a fara tambaya kafin a sa hannu a takarda.